Amsa ga 'yar'uwar da jan cinnaka ya addabi bayan gidanta

Wayyo 'yar'uwa sannu, Allah ya ba yaron lafiya. Ina karanta tambayarki jikina ya hau ƙaiƙayi wallahi, don duk abin da kika lissafo, tulin ƙasar da ke ɓullowa cikin ciyawa bayan an yi ruwa, ƙurajen ƙafar yaro masu farin baki, da ruwan zafin da kika zuba suka matsa gefe suka sake gini, babu wanda ban gani ba a nan Houston, jihar Texas ta Amurka. Faya ant ne, wato jan cinnakan nan mai harbi kamar wuta, kar ki yi ko shakka. Ki duba tulin, ba za ki ga ƙofa a samansa ba, ta ƙarƙashin ƙasa suke fita, amma ki taɓa shi da kara ki ga yadda za su tarwatso a fusace.

Fara da yaron. Kar ki bari ya fasa ƙurajen, nan ne suke zama miki su bar tabo. Sabulu da ruwa, ki ɗora ƙanƙara a tsumma, ki shafa man ƙaiƙayi na hydrocortisone, in ƙaiƙayin ya hana shi barci ki tambayi likitansa ko za a ba shi maganin ƙaiƙayi na sha, Benadryl na yara. Amma in kika ga leɓe ko fuska na kumbura, ko numfashi na sarƙewa, ko amai, babu jiran maigida ya dawo aiki, ki kira lambar agajin gaggawa 911 kawai.

Ni tawa ranar ƙaramar Sallah ta same ni. Autata lokacin ta fara tafiya, na sa mata sabuwar atamfa, ga lalle a ƙafa, muka fita bayan gida ɗaukar hoto. Ina gyara ɗaurin ɗankwali ta je ta tsaya a kan tulin ba takalmi. Muguntar abin nan shi ne ba ka jin hawansu, sai sun cika ƙafa sannan su harba kusan lokaci guda, su kama fata da baki su lanƙwaso gindi su yi ta harbi suna zagayawa. Ihun da yarinyar nan ta yi har yau yana kunnena. Na sure ta ina kakkaɓewa sun ƙi faɗuwa, har cikin famfas, sai da na tuɓe ta tsirara na dinga murje su da hannu suna harbina ni ma. Washegari ƙafar nan tun daga yatsu har cinya farin ƙurji ne reras. Tuwon Sallah ko ɗanɗanawa ban yi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai mai gidan da muke haya. Tun kafin Sallah na kira shi na tura masa hoto, ya ce wai ai nan Texas ne, kowa da su yake zaune. Bayan abin ya faru na tura masa hoton ƙafar yarinyar, ko sannu bai ce ba, sai ya turo wani mai feshi da bai yi minti goma ba, ya fesa saman tulin ya shiga mota. Na ga gawarwaki na ce alhamdulillahi, ashe 'yan aike kawai ya kashe. Ruwa na sauka sai ga sabbin tuli a jikin katanga. Da muka tashi daga gidan kuma mutumin nan ya zaftare mana kuɗin ajiya wai ciyawa ta ƙone, alhali maigidana ne ya yi ta ɗaukar tukunyar tafasasshen ruwa yana yi masa aikin da ya ƙi yi. Na bar shi da Allah.

To ga abin da nake so ki riƙe, in sarauniyarsu, wato uwar da ke haifarsu, ba ta mutu ba aikin banza kike. Tana can ƙasa tana zuba ƙwai ɗaruruwa kullum, wani gidan ma sarauniya ba ɗaya ba ce. Ruwan zafi sai kin zuba wajen galan 3 a tuli ɗaya, kuma ko haka ba kullum yake kai mata ba. Fetur kuwa don Allah kar ki bari kowa ya ba ki wannan shawarar, gobara ce kawai da lalata ƙasa.

Maganin da ya yi min shi ne na barbaɗawa wanda suke ɗauka a matsayin abinci su kai mata da kansu. Tsakin masara ne da man waken soya aka haɗa da guba mai aiki a hankali, akwai Amdro akwai Extinguish, duk shagon kayan lambu za ki samu. Ki barbaɗa shi a duk filin, sama-sama, ba a tula shi, kuma kar ki tone tulin ko ki zuba a kansa, kewayensa ake bi. Ƙasa ta zama a bushe, ranar da ba a sa ran ruwa, da yamma in rana ta yi sanyi. Ni nakan ajiye ɗan guntun cips a ciyawa, in na dawo bayan ɗan lokaci na ga sun yanyame shi to suna kiwo, lokacin ya yi. Ki sayi ƙaramin leda, in ya daɗe a buɗe man yana yin ɗoyi su ƙi ci. Sai haƙuri, makonni yake ɗauka. Bayan kamar mako guda sai ki bi tulin da ke kusa da ƙofa ko wurin wasan yara da maganin tuli ɗai-ɗai. Masanan jami'ar Texas A&M ma wannan mataki biyun suke koyarwa, a yi da bazara a sake kafin sanyi.

Kuma ki cire rai da cewa za su ƙare gaba ɗaya. Tun shekarun 1930 suka shigo ƙasar nan ta tashar jiragen ruwa ta Mobile a Alabama daga nahiyar Amurka ta Kudu, har yau gwamnati ba ta ga bayansu ba. Lokacin ambaliyar guguwar Harvey a 2017 da idona na gan su sun dunƙule suna yawo a kan ruwa kamar faifai, ko ruwa bai cinye su ba. Shi ya sa in za ki iya ki yi wa maƙwabta magana ku zuba tare, in ba haka ba nasu ne za su ƙauro miki.

Af, ki leƙa injin AC ɗinki na waje, suna son shiga kayan wuta su lalata, ƙawata sai da ta biya mai gyara. Abincin mage da kwandon shara ma a nisanta su da bango. Kuma in haya kike, duk maganar da za ki yi da mai gidan ki yi ta a rubuce ki ajiye hotuna, kar ki yarda da waya. Wace jiha kike ne ma? In kusa muke ki min magana ta inbox in ara miki abin barbaɗawar, yana nan a gareji.