Abin da ya faru da filin Greyfriars na Leicester

Ka yi tambaya kan hannun wa Greyfriars, wato gidan sufayen Kirista mabiya Waliyyi Faransis da ke Leicester a Ingila, ya faɗa bayan an rufe shi. Sarki Henry na Takwas ya rufe gidan a 1538, aka rushe ginin, filin ya yi ta sauya hannu har ya zo ga Robert Herrick, wanda ya taɓa zama magajin garin. Shi ya gina katafaren gida da lambu a wurin, kuma a 1612 ya nuna wa wani baƙo ginshiƙin dutse da ya kafa a inda ake cewa an binne Sarki Richard na Uku a 1485. Zuri'ar Herrick ta sayar da filin a 1711, daga baya aka yayyanka shi, aka fitar da titi.

A ƙarni na 20 majalisar yankin ta gina ofisoshi a nan, ragowar lambun ya zama wurin ajiye motoci, abin da a ganina ya ceci kabarin, domin ba a tona harsashin babban gini a kansa ba. A ƙarƙashin kwaltar aka gano ƙasusuwan sarkin a 2012, aka sake binne su a babban cocin garin a 2015.