Gurnani a Lasifika: Amsoshi Kan Wuta da Layin Ƙasa a Na'urar DAC Haɗin Gida

Tambayoyin wannan makon duk sun taru ne a kan na'urar DAC, wato wadda take karɓar sautin da kwamfuta ko waya ta adana a matsayin lambobi, ta mayar da shi sautin da amfilifaya za ta iya turawa lasifika. Matasa da dama a cikin Kano sun fara haɗa tasu da hannunsu, kuma abin yana faranta mini rai ƙwarai. Sai dai kusan kowa kuka ɗaya yake kawowa, cewa waƙa ko karatu yana fita, amma akwai wata ƙara a ƙarƙashinsa.

Tambaya daga Fagge: Malam, na haɗa DAC da ƙwayar PCM5102A da allon USB mai PCM2706. Idan kwamfutata tana kan batir babu wata ƙara, amma da zarar na sa caja sai gurnani ya tashi, kuma idan na motsa linzami sai in ji ƙas-ƙas. Wani mai gyara ya ce in karya ƙafa ta uku ta filogin amfilifaya. Shin in yi hakan?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka karya wannan ƙafa ko da wasa, kuma zan dawo kan dalili. Gwajin da ka yi da batir ya riga ya nuna inda cutar take, domin ya wanke ƙwayar DAC ɗin, wato PCM5102A, ɗan guntun da yake aikin mayar da sautin, daga zargi. Abin da yake faruwa shi ne kwamfutarka da amfilifayarka sun haɗu ta hanyoyi biyu a lokaci guda. Hanya ta farko ita ce layin ƙasa, wato hanyar da wuta take bi ta koma, na wayar USB da na wayar RCA mai kai sauti ga amfilifaya, ta biyu kuma ita ce wayar kariya ta soket, wadda masu wayarin suke kira at, idan cajar da amfilifayar duk masu ƙafa uku ne. Hanyoyin nan biyu sun zama zobe, kuma duk ɗan bambancin ƙarfin wuta da ke tsakanin soket biyu, ko maganaɗisun da taransfoma yake fesowa, zai sa wuta ta riƙa zagaya zoben. Tun da wani ɓangare na zoben shi ne rigar ƙarfe ta wayar RCA, wadda amfilifaya take ɗauka a matsayin sifili, sai ta ƙara wa wannan wutar ƙarfi tamkar ita ma waƙa ce.

Don ka ga yadda abin yake da laushi, PCM5102A tana fitar da kimanin bolt 2.1 idan sauti ya kai ƙololuwa, kuma a sauti mai bit 16 matakin da ya fi ƙanƙanta kimanin maikrobolt 90 ne kawai. Saboda haka milibolt ɗaya tak da ya ɓata hanya ya ninka wannan mataki fiye da sau 10, kuma kunne zai kama shi da daddare idan gari ya yi tsit. Gurnanin da kake ji yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, daidai da wutar Najeriya mai bolt 230. Ƙas-ƙas ɗin linzami kuwa datti ne na cikin kwamfutar kanta, wanda ya bi layin ƙasa na USB ya fito.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ka jona caja da amfilifaya a kan mahaɗar soket guda, ka rage tsawon wayar RCA, ka kuma nisantar da ita daga cajar da taransfoma. Idan gurnanin ya ragu amma bai tafi ba, sai a yanke zoben ta gefen sauti. Hanya mafi tsafta ita ce wayar haske ta Toslink, wadda kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983, domin haske ne yake ɗaukar saƙon, babu ƙarfen da wuta za ta bi. Sai dai tana buƙatar allon karɓa a gefen DAC. Hanya ta biyu ita ce na'urar raba USB mai ƙwayar ADuM3160, kuma ta dace da kai, domin PCM2706 tana aiki ne a gudun megabit 12 a daƙiƙa, wanda shi ne iyakar wannan ƙwayar. Wanda yake da allon USB na kamfanin XMOS mai gudun megabit 480 kada ya ɓata kuɗinsa a kanta, shi sai irin ADuM4165 ko ISOUSB211. Kuma idan ka raba, ka ba wa DAC ɗin wutarsa ta daban mai tsafta, kada ka ci gaba da dogaro da bolt 5 na kwamfuta.

Batun karya ƙafa kuwa, gaskiya ne gurnanin zai ɗauke, shi ya sa shawarar take yawo. Amma wannan ƙafar ce take sa fiyus ya ƙone idan wayar wuta ta kwance a ciki ta taɓa akwatin ƙarfe. Idan babu ita, akwatin zai ɗauki bolt 230 ya zauna shiru yana jiran hannun da zai taɓa shi, kuma a gidajenmu sau da yawa hannun yaro ne wanda yake tsaye babu takalmi a kan siminti. Wanda ya haɗa amfilifayarsa da kansa yana da halastacciyar hanya: ya bar wayar at ɗaure da akwati da ƙusa mai noti, sannan tsakanin akwatin da layin ƙasa na sauti ya sa rezista mai om 10, da kondensa mai nanofarad 100, da manyan dayod biyu, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya, duka kafaɗa da kafaɗa, kowanne ƙafa ɗaya a akwati ɗaya a layin ƙasa. Rezistar tana shaƙe wutar zoben, dayod ɗin kuma suna buɗe hanya idan hatsari ya auku.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kabuga: Na yi wa DAC ɗina wuta da taransfoma mai bolt 9, da kondensa mai maikrofarad 1000, da regileta 7805. Da rana lafiya lau, amma da magariba sai wata ƙara kamar ta ƙudan zuma ta shigo, ko da ban jona kwamfuta ba.

Amsa: Ƙanena, wannan ba zoben ƙasa ba ne, lissafi ne bai cika ba, kuma za mu yi shi tare. Bolt 9 na taransfoma idan ya ratsa dayod huɗu yana kaiwa kimanin bolt 11.3 a kan kondensa. Kondensar tana cika tana raguwa sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa ƙarar ta fi gurnanin soket kaifi. Idan allonka gaba ɗaya yana jan miliamfiya 300, raguwar da ake samu tsakanin cika da cika ita ce amfiya 0.3 a raba da 0.1 (100 sau farad 0.001 na kondensar), wato bolt 3. Kenan da rana wutar tana sauka zuwa 8.3, kuma 7805, regiletar da take daidaita wuta, tana buƙatar kimanin bolt 7 kafin ta riƙe bolt 5, don haka tana da sarari. Da magariba, lokacin da unguwa ta kunna fitilu da fankoki, a ce wutar soket ta faɗo zuwa 180. Ƙololuwar za ta dawo kimanin 8.6, a cire 3 ya rage 5.6, regileta ta rasa abin riƙewa, sai ta saki ƙarar ta wuce kai tsaye. Ka canza kondensar zuwa maikrofarad 4700 mai jure bolt 25, raguwar za ta dawo kimanin 0.64, ka tsaya a kusan 7.9 ko da wuta ta yi ƙasa.

Da zarar ka yi haka, ka kula da zafi. Regiletar za ta riƙa ƙona bolt 6, wato ratar da ke tsakanin kimanin 11 da ke shiga da 5 da ke fita, sau amfiya 0.3, kusan wat 1.8, kuma idan babu ƙarfen sanyaya a bayanta zafinta zai iya ƙaruwa da kusan digiri 100. A watan Afrilu, da zafin Kano yake taɓa digiri 40, wannan ya isa ya sa ta kashe kanta sauti ya ɗauke. Ka ɗaura mata ƙarfen alminiyam.

Akwai wani abu da na fi so ka ɗauka daga wannan amsa, domin shi ne na fi gani a kan teburina. An taɓa kawo mini allo wanda aka kashe wa kuɗi, har da regileta LT3042 mai tsananin tsafta, amma layin ƙasarsa siririyar waya ce guda mai tsawon taƙi, ta taso daga dayod, ta biya ta jakin RCA, sannan ta isa kondensa. Wutar da take cika kondensa ba a hankali take tafiya ba, bugu take yi mai ƙarfi, kuma duk bugun yana ratsawa ta ƙarƙashin sautin. Waya ɗaya na cire da dalma na mayar da ita ƙafar kondensa, ƙarar ta ɗauke. Ƙa'idar ita ce dayod su tafi kondensa kai tsaye da gajeriyar waya mai kauri, sannan daga ƙafar kondensar a ɗebi layin ƙasa zuwa regileta da DAC. Ƙafafun AGND da DGND na ƙwayar kuma, wato layin ƙasa na ɓangaren sauti da na ɓangaren lambobi, a sauke su a kan shimfiɗar tagulla guda a ƙarƙashinta, kada a ja kowacce da doguwar waya daban. Kowace ƙafar wuta ta samu kondensar nanofarad 100 manne da ita, domin idan ta yi nisa ko da na ɗan yatsa ne amfaninta ya ragu sosai.

Tambaya daga Hotoro: Fitilar allona tana kamawa, na auna bolt 3.3 daidai, amma babu sauti ko kaɗan.

Amsa: Malam, duba ƙafafu uku na PCM5102A. XSMT dole ta kasance a kan 3.3, in ba haka ba ƙwayar tana rufe bakinta. FMT a haɗa ta da layin ƙasa idan da tsarin I2S allon USB yake turo wa ƙwayar lambobin sauti. SCK kuma, idan ba ka ba ta agogo daga waje ba, ka haɗa ta da ƙasa domin ƙwayar ta samar da nata daga BCK, ƙafar da take karɓar bugun ƙidayar bit. A ƙananan allunan da ake sayarwa, akwai wuraren ɗiga dalma a baya don XSMT da FMT, kuma wani lokaci suna zuwa a buɗe.

Tambaya daga wata mai ɗaukar karatu a Tarauni: Idan na taɓa akwatin DAC ɗin da ƙanena ya haɗa mini ina jin wuta tana ɗan ja na, kuma lokacin hunturu da na taɓa shi sai sauti ya yanke na ɗan lokaci.

Amsa: Malama, ki daina taɓa shi yana jone har sai an duba. Sau da yawa wannan jan yana zuwa ne daga caja mai ƙafa biyu, wadda take da wata ƙaramar kondensa tsakanin gefen soket da gefen fita. Mita za ta iya nuna kusan bolt 115 a jikin akwati duk da cewa wutar da ke bi ƙanƙanuwa ce. Amma da hannu ba a bambance wannan da lalacewar gaske, don haka mai wayarin da ya san aikinsa ne zai auna. A soket mai lafiya, tsakanin ramin wuta da ramin at za a ga kusan bolt 230, tsakanin nutural da at kuma 'yan bolt kaɗan. Na sha buɗe soket in tarar ramin at babu waya a bayansa sam, ko kuma an cusa tsiraran wayoyi biyu an danne su da tsinken ashana.

Yankewar hunturu kuwa daga busasshiyar iska take. Jiki yana tara wuta daga gogar tufafi da darduma, ya sauke ta a kan akwati, kuma idan akwatin ba shi da hanyar zuwa ƙasa sai ta bi ta cikin allo ta rikita agogon USB. A wannan lokacin ne kuma ƙasar da aka kafa sandar at take bushewa ƙayau, aikinta ya ragu. Al'adar zuba gishiri da gawayi a ramin tana taimakawa da farko, sai dai gishiri yana cin ƙarfe a hankali, don haka a tono bakin sandar a duba ko mahaɗarta ta yi tsatsa, a kuma riƙa jiƙa wurin da rani. Idan da inbata kike aiki, ki tabbatar mai tsaftatacciyar igiyar wuta ce, domin masu arha da suke fitar da wuta mataki-mataki suna sa taransfoma kuka, kuma ƙarar tana shiga abin da kike ɗauka. Ki gaya wa ƙanenki ya kankare fentin akwatin a inda zai ɗaura wayar at, ya matse ta da noti, sannan ya auna da mita daga ƙafar filogi ta uku zuwa jikin akwatin. Abin da ya kamata ya gani bai kai om ɗaya ba.