Inabin Timia zai yi a Tahoua?

Malam, ka ce ka kawo reshen inabi daga Timia ka dasa a garkarka nan Tahoua da takin gida kawai, ganye ya cika amma 'ya'ya ba daɗi. Ba reshen ke da laifi ba, wuri ne. Timia cikin duwatsun Ayar take, akwai tudu, rana ta dafa 'ya'yan, dare ya yi sanyi, ƙasar kuma tsakuwa ce ruwa bai kwanciya, Faransawa masu gonakin inabi wannan suke kira teruwar. Rage ban ruwa in sun fara nuna, ka yi mishi aski lokacin sanyi. Kashin awaki kuwa sai ya ruɓe, ɗanye gara yake jawowa, ni haka ta cinye min itacen inabi biyu wallahi. In ganye na yin rawaya je wurin ma'aikatan gona ko INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, su duba ƙasar.