Ɗana yana ɓata wasula a dogayen kalmomin Turanci

Maman yara, kin ce ɗanki yana rubuta "seperate" da "famly", kina tsoron ko sakaci ne. Wallahi ba laifinsa ba ne. Bature yana haɗiye wasalin gaɓar da bai danna ba, don haka kunne ba zai gaya wa yaro wane harafi ke wurin ba.

Ki sa ya riƙa furta kalmar gaɓa-gaɓa yana tafi, se-pa-rate, ya ja "pa" ɗin sosai kafin ya ɗora biro. Abin da ya fi aiki a wurina shi ne nemo 'yar'uwar kalmar, inda wasalin ke fitowa fili: "familiar" za ta nuna masa "i" na "family", "compete" kuma "e" na "competition". Kalma biyar a mako sun isa, kar ki cika masa kai.