Yukka ba ta son lallaɓa, rage mata ruwa

Wa alaikumussalam Hajiya, sannu da zuwa El Paso ta jihar Texas a nan Amurka, Allah ya sa an zo a sa'a. Na ga tambayarki cewa kin sayo yukka, shukar hamadar nan mai dogayen ganye masu tsini, kin dasa a ƙofar gida, kullum kina ba ta ruwa safe da yamma amma ganyen sai rawaya yake yana laushi, ko ruwan ne bai isa ba.

Gaskiya ruwan ne ya yi mata yawa. Ki daina ba ta daga yau ɗin nan. Garin nan ruwan sama da ake samu a shekara bai wuce inci 9 ba, ko Damagaram ta fi mu samun damina, kuma a haka yukka take rayuwarta a daji ba mai kula ta. In kin fita ta hanyar garin Las Cruces da ke jihar New Mexico kusa da mu za ki gansu tsaye gefen titi, har a cikin farin yashin hamadar White Sands suna nan, yashi na binne su suna ƙara miƙewa sama. To shukar da ta saba da wannan ke kuma kina mata wanka sau biyu a rana, ai dole saiwar ta ruɓe.

Ki je ki danna gindinta da yatsa wajen da ya haɗu da ƙasa. In da tauri to da sauran rai, ki bar ƙasar ta bushe ƙayau. In kuwa ya yi lugub yana wari, sai haƙuri, ki cire ki yar kawai. Wani lokacin ma in kin tsaga za ki tarar da fararen tsutsotsi a ciki, na wani baƙin ƙwaro ne mai dogon baki da yake bin shukar da ta riga ta raunana.

Sai maganar ƙasa, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa wallahi. Unguwanni da dama a nan in kin haƙa kaɗan za ki ci karo da wata farar ƙasa mai tauri kamar siminti, kaliche suke ce mata, ruwa ba ya ratsa ta sai ya kwanta a ramin. Ni kafin in dasa komai sai na cika ramin da ruwa na tafi harkokina, in na dawo bayan wasu awanni na tarar yana nan kwance to ko dai in fasa ƙasan da diga ko in tara tudu da yashi da tsakuwa in dasa a sama. Kar ki zuba taki, ba ta buƙata, kuma kar ki binne wuyanta, daidai inda ƙasa ta tsaya mata a tukunyar roba nan za ki tsaya. Sannan ki nisanta ta da famfon da ke fesa wa ciyawa ruwa.

Sabuwar dasawa sau ɗaya a sati ko kwana goma ya isa a lokacin zafi, ki jiƙa sosai sannan ki manta da ita. In damina ta kama daga Yuli zuwa Satumba ki bar wa Allah, lokacin sanyi kuma kusan ba komai.

Dan Allah kar maigida ya ce zai tono a daji, na san mutanenmu da son na banza. Irin ta nan, Yucca elata, uwar saiwarta zurfi take yi sosai, da an datse ta da wuya ta kama, kuma a jihar Arizona ma doka ce ta hana tono ba takardar izini. Wannan saiwar ce ma ƴan asalin yankin irin su Navajo da Apache suke dakawa ta yi kumfa su wanke gashi da ita.

Ba ta sauri fa, shekara guda ƙila ki ga kamar ba ta motsa ba. Amma in ta girma, wajen Mayu zuwa Yuni za ta jefo doguwar sanda cike da farin fure, shi ne ma furen jihar New Mexico. In akwai yara ƙanana a gidan ki matsar da ita daga hanyar wucewa, bakin ganyen tsini gare shi kuma daidai idonsu yake.