Ku Tambayi Anti: Ina so in fara rubuta labarin ma'aurata a waya, ta ina zan faro?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya gida ya aiki. Ni matar aure ce a nan Kaduna, Tudun Wada nake, shekarata bakwai da aure yarana biyu. Tun ina sakandare nake karance-karance, da can hayar littafi muke yi wurin wani mai shago a layinmu, yanzu kuwa komai ya koma waya, gurup ɗin nobel da nake ciki a WhatsApp sun fi goma. Toh Anti ni ma akwai labarin da ya daɗe yana min yawo a kai, amma gaskiya na manya ne, wasu mata da miji ne da abin da suke so a ɗaki ba irin wanda aka saba ji ba ne, shi yana son ragama a hannunsa ita kuma daɗinta ta sallama masa, har da su rufe ido da ɗaure hannu da gyale, kin dai gane. Wallahi ba iskanci nake son yaɗawa ba, na ga dai ana ta rubuta irinsa barkatai wasu ko daɗin karantawa babu sai na ce me zai hana in gwada nawa. Ban san ta ina zan fara ba, ban san ina zan sa shi ba, ga tsoron kar dangin mijina su gane ni ce. Kuma wai da gaske ana samun kuɗi? Don Allah kar ki sa sunana.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sunanki na cire shi. Na san akwai masu cewa me ya kai Anti amsa irin wannan a mujalla, toh ni abin da na gani shi ne ko na amsa ko na yi shiru rubutun nan yin sa ake yi, kullum garin Allah ya waye sai sabon feji ya faɗo gurup, don haka wadda ta tsaya ta yi tambaya kafin ta ɗora yatsa a kan waya ta cancanci a zauna da ita.

Ki fara sanin filin da za ki shiga. A 2007 a Kano, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a bainar jama'a, hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar kuma, wadda aka kafa a 2001, ta matsa wa marubuta lamba sai sun yi rajista an duba rubutunsu. Ba a daɗe ba waya ta cika hannun mutane, rubutun ya tattara ya koma inda babu mai duba shi. Yau ba mai bugawa tsakaninki da mai karatu, ba edita, ba kowa. Ke ce marubuciya ke ce hukumar tacewa, kuma abin da kika tura ya tafi ke nan, ko kin goge a wayarki yana wayar wasu.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni kunnenki duka. Kin san labarin nan da aka maimaita har ya gundure mu: attajiri miskili, 'yar talakawa, auren dole, daren farko tana kuka tana roƙonsa ya ƙi ji, gari ya waye a asibiti ana ɗinki, bayan feji ashirin kuma wai ta mutu a kan sonsa. Ƙanwata wannan fyaɗe ne aka shafa masa hoda, kuma raina yana ɓaci duk sanda na ga mata 'yan uwana suna kwament suna cewa "wayyo angonmu ya iya soyayya". Akwai matan da abin nan ya same su da gaske, suna cikin gurup ɗin nan suna karantawa, sun yi shiru ne kawai. A jiharmu ta Kaduna a 2020 gwamna Nasir El-Rufa'i ya sa hannu a dokar da ta kai hukuncin mai fyaɗe har ga dandaƙa, bai kamata abin da doka ta ɗauka da wannan nauyin mu kuma mu mayar da shi kwalliyar labari ba.

Abin da kika bayyana a wasiƙarki daban ne, kuma bambancin kalma ɗaya ce, yarda. Matar nan taki tana so. Toh aikinki ki sa mai karatu ya ga tana so ɗin, da idonsa, tun kafin a kai ga gyale. Mutanen da suke irin wannan wasan a rayuwarsu ta gaske suna da ƙa'idoji da suka daɗe da su: ana zama a yi magana tukuna, me kike so me ba kya so, ina ne iyaka, ana ajiye wata kalma wadda duk wanda ya furta ta an tsaya ke nan nan take ba musu ba fushi, bayan an gama kuma akwai lallashi, a kawo ruwa, a rungume, a tambaya ko akwai inda aka wuce gona da iri. Marubuta da yawa tsallake wannan suke yi don suna ganin zai kashe armashi, ni kuwa a wurina nan ne ma labarin yake. Ki duba mace Bahaushiya da aka rena da kunya, wadda ko sunan mijinta ba ta iya faɗa a gaban mutane, ta yaya za ta buɗi baki ta gaya masa ga abin da ranta ke so? Wata nawa za ta yi tana juya maganar? Shi kuma in ta faɗa me zai fara zuwa ransa, zai zarge ta ne ya ce a ina kika koyo, ko zai yi shiru kwana biyu sannan ya dawo da tambaya? Wannan kaɗai ya ishe ki feji goma masu rai. Ki kuma rubuta ranar da ta ce a tsaya ya tsaya, don a ranar ne mai karatu zai yarda cewa mutumin nan yana sonta.

Abu biyu kar ki kusance su ko da wasa. Na farko yara. Kar jarumarki ta zama 'yar sha huɗu ko sha shida, kar ki fake da cewa ai an ɗaura aure a labarin, ki ba ta shekarun babbar mace da hankalin babbar mace. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tsananta kan batsar da ta shafi yara kuma a wurinta duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, Wattpad ma, dandalin ɗora labarai da karanta su a intanet, cire irin wannan rubutun suke yi. Na biyu shaƙe wuya, na ga ya fara shigowa rubutun wasu kamar wani salon soyayya. Matse wuya yana hana jini zuwa ƙwaƙwalwa, cikin ɗan lokaci mutum zai iya suma ko ya samu lahani ko ya mutu, babu hanyar yin sa da za a ce ba haɗari. Masu karatunki wasu gwadawa suke yi, ki tuna da haka.

Sai maganar harshe. Yawancin rubutun da kika ce ba daɗin karantawa, abin da ya kashe shi kiran sunan komai gatsal da jera ihu layi biyar. Hausa tana da sakaya kuma sakayar ta fi kama zuciya. Ko Alƙur'ani da ya zo maganar ma'aurata a suratul Baƙara aya ta 187 cewa ya yi su tufa ne a gare ku ku ma tufa ne a gare su, ba wanda bai gane ba kuma ba wanda ya ji kunyar karantawa a gaban uwarsa. In kika rubuta cewa ya ɗauko gyalen da ta je biki da shi ya tsaya yana kallonta yana jiran ta ɗaga kai ko ta girgiza, ita kuma tana jin ƙarar janareton maƙwabta da bugun ƙirjinta sun haɗe, kin gama aiki, ki ja ƙofa, mai karatu zai ƙarasa da kansa. Ni ra'ayina ke nan kuma ba zan ɓoye miki ba, rubutun da aka yi shi don tayar da sha'awa zalla ba na goyon bayansa, a addini ma kin san matsayinsa, kuma ba ya daɗewa a ran kowa.

Ki ba mutanenki rayuwa a wajen ɗaki. Wace ce ita da rana? Wataƙila shago gare ta a Kasuwar Barci, tun safe ita ke yanke hukunci, ita ke faɗa da masu bashi, ita ke biyan kuɗin makarantar ƙannenta, shi ya sa in dare ya yi take son ko na awa ɗaya wani ya karɓi ragamar. Ki sa Kadunar da kika sani, cunkoson Kawo da yamma, hazon hunturu, 'yan keke, uwar miji da ke zuwa daga Zariya ba sanarwa. Mun gaji da jarumi mai jirgin sama uku da gida a Dubai.

Maganar asiri kuma, sunan alƙalami shi ne mafi sauƙi, inda ake kama mutane daban ne. WhatsApp yana nuna lambarki, Truecaller kuma, manhajar da ke nuna sunan mai lamba, zai iya fito da sunanki na gaskiya, don haka sai da layi daban. Wanda aka fi mantawa shi ne akawun, ranar da kika ce a turo kuɗin littafi duk wadda ta sa lambar akawun ɗin cikakken sunanki zai fito mata, in ƙanwar mijinki na cikin masu saye magana ta ƙare. Sannan kar ki kwashe sirrin ɗakinki ki zuba a labari, hadisi ya zo a Sahihu Muslim da kakkausan gargaɗi kan mai yaɗa sirrin shimfiɗar aurensa, canza suna bai canza wannan ba. Shawarata maigidanki ya ji daga bakinki, waya ba ta ɓoyuwa a gidan aure, gara ya ji kina rubutu da ya tsinci fejin da kansa ƙarfe ɗayan dare.

Inda za ki sa shi: gurup ɗin WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024 amma ba shi da ƙofa, rubuta "na matan aure ne kawai" a saman feji bai taɓa hana 'yar aji uku karantawa ba, sau da yawa ma shi ke jawo ta. Wattpad aƙalla yana da alamar da za ki sa cewa na manya ne, kuma ba su yarda da batsa zalla da ba labari a cikinta ba. ArewaBooks akwai marubutanmu da yawa da ke sayarwa a can, ki karanta sharuɗɗansu da kanki kafin ki ɗora komai. Duk inda kika sa ki ajiye kwafinki a imel, don OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai da marubuta suka dogara da shi tun 2013, rufewa ya yi a 2023.

Kuɗi ana samu amma ba a littafin farko ba, na farko kyauta ake yi a tara masu karatu. Daga baya ne ake sakin fejukan ɗanɗano sannan a ce ɗari biyar ko dubu. Sata kuwa ki shirya mata, ni kaina an taɓa haɗe littafina a dokumen ana rabawa tun ban kai ƙarshe ba, na yi kwanaki ban iya taifin ba don baƙin ciki, wasu kuma karantawa suke yi su ɗora a YouTube ba izini. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba ki haƙƙin rubutunki tun daga sanda kika rubuta shi ko ba ki yi rajista ba, kuma YouTube na da hanyar kai ƙorafi a sauke, ta fi "Allah ya isa" a saman feji aiki.

Kar ki fara fostin sai kin rubuta aƙalla rabin labarin kin san ƙarshensa, don da zarar kin fara za a taso ki da "Anti a ƙara yaji", in ba ki da abin da kika riga kika tsara sai ki wayi gari kina rubuta abin da ke kanki ba za ki iya sake karantawa ba. Ki samu mace ɗaya mai hankali ta riƙa duba miki, ki kuma koyi raba kalmomi da ƙa'idar rubutu. In hannunki ya faɗa ki gwada gajeren labari ki tura Hikayata, gasar da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata, can sunanki na gaskiya za ki sa.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ni saurayi ne a Rigasa, na ɗauki wayar ƙanwata 'yar shekara 15 na tarar da irin littattafan nan cike a ciki. Na ƙwace wayar, in gaya wa Baba ne?

AMSA

Ɗana kar ka fara da Baba, kuma kar ka dake ta ko ka tona ta a gaban ƙannenta. Ka samu Mama ko wata yayarku mace da take sakin jiki da ita su zauna su biyu. A duba wa ya sa ta a gurup ɗin, kuma a duba ko akwai wani babba da ke bin ta ta bayan fage yana mata magana, wannan ya fi littafin haɗari, in an samu a ajiye saƙonnin kar a goge, a sanar da iyaye a kai ga hukuma. A fitar da ita daga gurup ɗin, sannan ka nemo mata abin karantawa da ya dace da shekarunta ka kai mata da hannunka, yarinyar tana son karatu ne, ka tambaye ta wane irin labari take so.