Amsa ga Almajirina a Kan Warware Sudoku Ba da Kintace Ba

Ɗana, jiya bayan La'asar ka tambaye ni abin da za ka yi idan Sudoku, wasan cike gidaje da lambobi, ta cije maka, domin ka ce kana kaiwa tsakiya sai ka rasa lambar da za ka rubuta, ka canki ɗaya, daga baya ka tarar komai ya rushe. Amsata ita ce kada fensirinka ya rubuta lambar da ba ka da hujjarta. A wannan maɗaba'a tamu ta Sakkwato, dalilin da ya sa nake ba ka kowane wasa ka warware kafin ya shiga injin shi ne mu tabbatar amsarsa ɗaya ce tak, kuma wanda ya yi kintace, ko da ya dace, bai tabbatar mana da komai ba.

Ka fara da lamba, kada ka fara da gida. Allon yana da gidaje 81, an raba su akwati tara, kowanne gida uku a kwance uku a tsaye, kuma kowace lamba daga 1 zuwa 9 sau ɗaya take zama a kowane layin kwance, da kowane layin tsaye, da kowane akwati. Ɗauki lambar da ta fi yawa a allon, mu ce 6. Idan akwatin hagu na sama yana da 6 a layi na farko, na tsakiya kuma yana da ita a layi na biyu, to ta akwatin dama ba ta da mazauni sai layi na uku; gidaje uku ke nan suka rage, kuma sau da yawa za ka tarar ɗaya a cike yake, ɗaya kuma wata 6 ta tare shi daga ƙasa.

Sai wannan ta ƙare sannan ka koma kan gidajen, ka rubuta da ƙananan baƙaƙe a kusurwar kowane gida lambobin da za su iya zama a cikinsa. A nan ne na ga kana gajen haƙuri, alhali a nan aikin yake. Idan gidaje biyu a layi ɗaya ba su karɓar komai sai 3 ko 8, ba ka san wanne ne na 3 ba, amma ka san su biyun sun riƙe lambobin nan, don haka ka goge 3 da 8 daga sauran gidajen layin. Gogewar nan ita ma ci gaba ce, domin sau tari gidan da ke da lambobi uku sai ya koma da guda ɗaya, ƙofa ta buɗe.

Kada ka ɗauka wannan tunani baƙo ne a ƙasarmu don Sudoku ta fito a Amurka a 1979, ta sami sunanta a Japan. Malam Muhammad al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan tsara hatimi, kuma hatimin gida tara da ka saba gani a hannun malamai da hujja ake gina shi. Jimillar 1 zuwa 9 da ke cikinsa ita ce 45, an raba ta daidai a layuka uku, saboda haka kowane layi, har da na karkace, 15 ne. Layuka huɗu ke ratsa gidan tsakiya, na kwance, na tsaye da na karkace biyu, jimillarsu 60, sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Rarar 15 ɗin nan ta gidan tsakiya ce sau uku, dole ya zama 5. Sudoku ba ta buƙatar tarawa, amma irin wannan "dole" ɗin nake so ka ji a ranka kafin ka rubuta.

Idan ka bi duk wannan allon bai motsa ba, ka ƙirga lambobin da aka bayar, domin an tabbatar a 2012 cewa Sudoku mai ƙasa da lambobi 17 ba ta da amsa ɗaya tak, kuma wani lokaci mai buga rubutu ne ya tsallake lamba. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, ka kawo mini wadda ta cije maka, da ƙananan lambobinka a kai, kada ka goge su.